Yadda Ake Ƙara Ɗakin Gilashi ko Baranda Mai Raga a Gidan Bakin Teku

Masu gidaje a gaɓar teku sun sha tambayata yadda za su rufe barandarsu da raga, su zauna su sha iska ba tare da sauro ya hana su sakat ba. Wasu kuma ɗaki suke so na gilashi, inda za su riƙa kallon ruwa ko da ana sheƙa ruwan sama. Na ga gara in amsa gaba ɗaya. Abu guda nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan: a bakin teku gishiri da iska su ne masu gida, kuma dukansu ta mahaɗa suke shiga, wato inda sukuru ya kama ƙarfe, inda ginshiƙi ya zauna a kan siminti, inda sabon rufi ya jingina da tsohon bango. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shi ya sa za ka ga na daɗe a kan ƙananan abubuwa, na wuce da sauri a kan zaɓen launi da ado.

1. Tsayar da abin da kake so

Iri uku ne. Na farko baranda mai raga: firam ɗin aluminiyam, a lulluɓe shi da raga, da rufi ko babu. Tana tare ƙwari da ganye, amma iska da feshin ruwa da ƙurar gishiri duk za su shigo. Na biyu ɗakin gilashi mai sauƙi, gilashi falle ɗaya, ba na'urar sanyaya ɗaki. Na uku cikakken ɗaki mai gilashi ruɓi biyu, da rufi mai tare zafi, da wuta da sanyi kamar sauran ɗakunan gida.

Ta fuskar kuɗi, raga ce mafi araha nesa ba kusa ba. Cikakken ɗakin gilashi kan ninka ta sau da dama, domin yana buƙatar tushe irin na gini sosai. A ganina na tsakiyar ne ya fi jawo nadama a wuraren zafi: mutum ya kashe kuɗin gilashi, rana ta fito ɗakin ya koma tanda, ya dawo zaman falo. In ba ka da halin na uku, ka yi raga mai kyau ka huta.

Gargaɗi: kada ka gina firam ɗin raga da niyyar "daga baya na sa gilashi". Gilashi mai kaurin milimita 6 yana da nauyin kilo 15 a kowace murabba'in mita, ruɓi biyu kuwa kilo 30. Ban da nauyi, gilashi yana tare iska gaba ɗaya, raga kuma tana barin wani kaso ya wuce. In akwai wannan niyya, tun ran gini ran zane: a tsara tushe da ginshiƙai don gilashi tun farko.

2. Izini da lissafin iska

Kafin ka sayi ko sukuru ɗaya, je ofishin da ke ba da izinin gini a yankinka. Abubuwa huɗu za ka tambaya: tazarar da doka ta ce a bari daga bakin ruwa da kuma iyakar maƙwabci, ko filinka yana cikin yankin ambaliya, gudun iskar da ake lissafa gini da shi a wurin, da kuma ko ana buƙatar zane mai sa hannun injiniya. Ka kuma sanar da kamfanin inshorarka in kana da shi, domin ƙarin da aka yi ba izini kan zama hujjar ƙin biyan diyya.

Kada ka raina batun injiniya. Ƙarfin da iska ke bugun bango da shi ba a hankali yake hawa ba: in gudunta ya ninka sau biyu, bugunta ninki huɗu yake yi. Sannan iska ba turawa kawai take yi ba, tana ɗaga rufi sama kamar yadda take fizge lema a hannun mai tafiya. Jihar Florida ta Amurka ta koyi wannan darasi da tsada bayan guguwar Andrew ta 1992, aka tsaurara dokokin gini, har ya zama a gundumar Miami-Dade ana gwada taga ta hanyar harba mata katako mai nauyin kusan kilo 4 a ga ko zai huda ta. Ba kowace gaɓa ke ganin irin wannan guguwa ba, amma kowace gaɓa tana da iskar da ta fi ta cikin ƙasa, don babu bishiya ko gini da ke rage mata gudu a kan ruwa.

3. Wace fuska ɗakin zai kalla

Kowa yana so ya kalli teku, amma ka tsaya a wurin da yamma kafin ka yanke shawara. Gilashin da ke fuskantar yamma yana shan rana mafi zafi, ga kuma hasken da ruwa ke maidowa. In dole sai yamma, a tsawaita bakin rufi, ko a toshe wani ɓangare na bangon. Ka kuma lura da inda ruwan rufin gidan ke zuba yanzu, da inda bututun ruwa da wayar wuta suka bi ta ƙarƙashin ƙasa.

4. Farashi da ma'aikaci

Karɓi farashi daga mutum uku, a rubuce. Kada ka dubi jimlar ƙasa kawai. Ka nemi kowannensu ya rubuta kaurin aluminiyam, irin fentinsa, lambar ƙarfen sukuru, irin raga ko gilashi, da wanda zai nemo izini. In wani ya fi saura araha sosai, a cikin waɗannan layukan za ka ga inda ya yanke. Araha ba ta ado. Sukurun kirki na iya ninka na banza a farashi, amma duka kuɗin sukuru ɗan kaɗan ne a cikin aikin, kuma a nan ne ake yawan yin ha'inci tunda mai gida ba ya dubawa.

Ka nemi ma'aikacin ya nuna maka aikin da ya yi a bakin ruwa shekara biyar da suka wuce. Sabon aiki kowa nasa yana ƙyalli. In ka je, kawunan sukuru za ka duba da gindin ginshiƙai. Ka ware kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari a gefe, saboda abin da za a tarar idan an buɗe tsohon bango. Kada ka biya kuɗin ƙarshe sai an yi gwajin ruwa da zan kawo a mataki na 10.

Wanda zai yi baranda mai raga da hannunsa yana buƙatar tef ɗin awo, lebur, igiyar alli, injin huda kankare, zarto mai haƙoran yankan aluminiyam, bindigar silikon, ƴar tayar cusa igiyar roba da ke riƙe raga a firam, wuƙa mai kaifi, tsani da tabarau na kariya. Ɗakin gilashi kuwa ban ba kowa shawarar ya yi shi kaɗai ba.

5. Sayen kaya: nan ne gishiri ke cin mutum

Firam: aluminiyam ya fi dacewa, tunda ba ya irin tsatsar baƙin ƙarfe. Amma gishiri yana cin sa shi ma, sai ka ga farin gari da ƙananan ramuka, fenti yana kumbura. Nemi mai fentin gari da aka gasa, wanda takardarsa ta nuna ma'aunin ingancin fenti na AAMA 2604, ko 2605 in gidan yana dab da ruwa. Na cikakken ɗakin gilashi kuma a nemi firam mai roba a tsakiya da ke raba fuskar waje da ta ciki, in ba haka ba zafin waje zai bi ƙarfen ya shigo, in an kunna sanyi kuma firam ya yi ta gumi.

Sukuru da noti: farin ƙarfen sitenles, kuma mai lamba 316. Akwai mai lamba 304 da ya fi yawa a kasuwa, ido ba ya bambanta su. Bambancin shi ne 316 yana ɗauke da sinadarin molibdenum kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, shi ke sa ya jure gishiri. Sukuru mai siririn shafin tutiya kuwa kada ma ya shigo gidan. Ka ce a kawo maka kwalin ka karanta da idonka.

Gargaɗi mai muhimmanci: ƙarfe iri biyu in suka haɗu ga ruwan gishiri a tsakani, sai su zama kamar batir, ɗaya ya riƙa cin ɗaya, kuma aluminiyam ne ke shan kashi. Don haka a sa wosha ta roba a ƙarƙashin kan kowane sukuru. Kada aluminiyam ya taɓa tagulla. Katakon da aka jiƙa da maganin gara galibi akwai tagulla a maganin, saboda haka a raba shi da aluminiyam da leda mai kauri ko tef ɗin kwalta. Haka ma ɗanyen siminti yana cin aluminiyam, sai a sa shimfiɗar roba a gindin firam.

Raga: ana sanin ta da yawan zare a inci guda. Wadda aka saba ita ce 18 da 14, wato zare 18 ta wani gefe, 14 ta ɗayan, tana tare sauro da ƙuda, iska na wucewa sosai. Sai dai gaɓar teku, musamman kusa da fadama, tana da ƙananan ƙwari masu cizo da ke ratsa ta. Maganinsu raga mai 20 da 20. Ka sani kuwa tana rage iskar da kake nema, tana kuma ƙara wa firam nauyin iska, don haka injiniya ya san da ita kafin ya yi lissafi. Ragar zaren gilashi mai rufin roba ba ta tsatsa kuma tana da sauƙin ja. Ta foliyesta ta fi ƙarfi da tsada, ita ce ta gida mai kyanwa ko kare ko yara masu jingina. Ragar waya ta ƙarfe ba ta daɗewa a gishiri.

Gilashi: ga ƙofofi da duk faifan da ya sauko kusa da ƙasa, a sa gasasshen gilashi, irin wanda in ya fashe yake zama tsakuwa-tsakuwa kamar tagar gefen mota. A wurin guguwa kuma a sa mai leda a tsakiya, irin na gaban mota, wanda ko ya tsage yana nan a manne. Ka nemi mai siririn shafi da ke maida zafi waje, za ka ga alamar Low-E a takardarsa. Gasasshen gilashi ba a yanka shi bayan an gasa. Saboda haka kada ka yi odarsa daga zane, ka bari sai firam ya tsaya a sake awo.

6. Tushe da daɓe

Yawancin barandar da ke nan tun da, kankare ne mai kaurin santimita 10 da aka zuba a kan ƙasa, ba tushe a gefensa. Wani lokaci ya isa ɗaukar raga, in bai tsage ba. Bai isa ɗakin gilashi ba. A haƙa gefe a gani. In babu tushe, a yanka a zuba sabo a ƙarƙashin kowane ginshiƙi ko a zagaye gaba ɗaya. Tushen nan aiki biyu yake yi: ya ɗauki nauyi, ya kuma danne ginin kada iska ta tashi da shi. Ƙasar rairayi tana zaizayewa, don haka zurfinsa injiniya ne zai faɗa.

In sabon daɓe za a zuba, a daddage ƙasa sosai, a shimfiɗa leda mai kauri don tare danshi, a ɗaga rodi a kan ƴan tubala yadda kankare zai rufe shi da aƙalla santimita 5. Baranda mai raga a ba ta gangare na santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, daga gida zuwa waje, kuma ta ɗan yi ƙasa da daɓen cikin gida.

Gargaɗi: kada a kwaɓa siminti da yashin bakin teku ko ruwa mai gishiri, komai kusancinsa da arharsa. Gishirin zai ci rodi daga ciki, rodin ya kumbura ya fasa kankaren. Kankare yana kai kusan cikakken ƙarfinsa ne a kwana 28. A riƙa ba shi ruwa a makon farko, kuma kada a yi gaggawar ɗaure masa kusoshi yana ɗanye.

7. Tsayar da firam

Fara da sandar da za ta kama jikin gida, domin ita ce uwar aikin. Dole kusoshinta su ratsa su kama ainihin ƙashin ginin: kankare, bulo cikakke ko manyan katakan rufi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗaure ta a jikin siririn allon da ke bakin rufi, ko a kan filasta. Rana ɗaya iska za ta tafi da allon da barandar tare.

Daga nan a ja layi da igiyar alli a kan daɓe, a auna kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarori biyu. In awon ya zo daidai, ɗakin bai karkace ba. A kwantar da sandar ƙasa a kan shimfiɗar roba, a huda, a busa ƙurar ramin, a ɗaure. Kada a huda dab da bakin kankare, zai ɓalle. Sai ginshiƙan kusurwa, a duba kowanne da lebur ta fuska biyu, a tokare shi na wucin gadi, sannan a ɗora sandunan sama, sannan na tsakiya.

Ka bi aikin da ido daga sama har ƙasa kamar mai bin sarƙa: rufi ya kama sanda, sanda ta kama ginshiƙi, ginshiƙi ya kama tushe. Duk inda ka ga abu zaune kawai da nauyinsa, ba ƙarfen da ya ɗaure shi, sarƙa ta tsinke a nan. Manyan barandu na buƙatar tokari ko igiyar ƙarfe da aka ja a gicciye. Wasu masu gida kan ce a cire don tana tare musu kallo. Kada ka yarda.

Duk bakin aluminiyam da aka yanka a shafa masa fenti, tunda ta nan gishiri ke fara shiga ƙarƙashin shafin. A share garin ƙarfe kowace yamma, musamman in an yi yankan baƙin ƙarfe a kusa, don yana barin jan tabo da ba ya fita.

8. Rufi

Shawarata rufi toshe: faifai mai soso a tsakanin kwano biyu, mai tare zafi. Rufin gilashi yana da kyau a hoto, amma a bakin teku zafi ne, ga kashin tsuntsaye da ɓawon gishiri da sai an hau an wanke. In haske kake so, sa faifai ɗaya ko biyu na roba mai haske, wadda ake kira folikabonet. Tana da fuska guda mai kariyar rana, ita ce ke kallon sama. In aka juya ta, ba da jimawa ba za ta yi rawaya ta fara karyewa.

A ba rufin gangare na aƙalla santimita 2 a mita. Inda ya haɗu da bangon gida a yanka bangon a cusa lanƙwasasshen kwano a ciki, ya sauko ya rufe kan sabon rufin, yadda ruwa zai bi ta kai ya wuce. Mai aikin da ya ce silikon kaɗai ya isa a wannan wurin yana so ne ya tashi da wuri. Silikon taimako ne, kuma a nemi irin wanda ba ya warin tsami, don mai tsamin yana cin ƙarfe. In rufin babban gida yana zubo ruwa a kan sabon, a ƙara girman indararo.

9. Sa raga ko gilashi

Raga: a fara da ta sama in akwai, sannan bango. Yanka ta da rarar santimita 5 a kowane gefe. Cusa igiyar roba a kwarin firam da taya, gefen sama tukuna, sai gefe ɗaya, sai ka ja a hankali ka yi ɗaya gefen da ƙasa. Kada ka ja da ƙarfi, sandar za ta lanƙwaso ciki. Kaurin robar ya dace da kwarin: siririya iska za ta fizge, mai kauri kuma ta yaga ragar. In za ka yanke rara, bakin wuƙa ya kalli firam. A ƙasan bango a sa faifan aluminiyam mai tsayin kamar santimita 40, yana tare yashi da ƙafar yara.

Gilashi: ya zauna a kan ƴan guntayen roba, kada ya taɓa ƙarfe kai tsaye, a kuma bar masa sarari a gefe. Aluminiyam yana miƙewa da zafi: sanda mai mita 6 tana ƙara kusan milimita 4 in zafi ya hau da digiri 30. Inda ba sarari, gilashin ne zai tsage. Ƙananan ramukan da ke ƙasan firam na fitar ruwa ne, kada wani ya toshe su da silikon da sunan gyara. A sa tagogi masu buɗewa a bango biyu da ke kallon juna don iska ta ratsa.

Ƙofar waje ta riƙa buɗewa waje, don iska in ta buga sai ta ƙara danne ta, a kuma sa mata sarƙar da za ta hana iska fizge ta.

Gargaɗi: kada ka rushe bango ko ka cire ƙofar da ke tsakanin gida da sabon ɗaki don falo ya yi faɗi. Sabon ɗakin shi ne mafi rauni a ginin. In ya fashe a guguwa kuma babu ƙofa a baya, iska za ta cika gidan ta tura babban rufi daga ciki.

10. Wuta, sannan gwajin ruwa

Mai wayarin da ya san aikinsa ne zai yi wannan. A ɗaga soket sama da ƙasa sosai, a sa masu murfi, a bi da su ta na'urar da ke yanke wuta nan take in ta ɓalle. Fanka da fitilu su zama na wurin danshi. In za a sa na'urar sanyi, a nemi wadda aka shafa wa injin wajenta kariyar gishiri.

Kafin a shimfiɗa tayil ko a shigo da kujeru, mutum ɗaya ya tsaya a ciki, ɗaya ya riƙe tiyo a waje. A fara fesawa daga ƙasa a hau sama a hankali, minti biyar a kowane wuri, a ƙare da mahaɗar rufi da bango. In aka fara daga sama, ruwa zai jiƙa ko'ina, ba za a gane ta inda ya shiga ba.

11. Kulawa

A wanke firam da raga da ruwan daɗi sau ɗaya a wata, in gidan yana shan feshin teku kai tsaye kuma a yawaita. Wuraren da ruwan sama ba ya kaiwa, kamar ƙarƙashin rufi da cikin layin ƙofa mai ja, su suka fi tara gishiri. Sabulu mai laushi da soso sun isa. Ban da burushin waya, ban da injin feshi mai ƙarfi a kan raga. Sau biyu a shekara a zagaya da sukundireba: duk sukurun da ya yi ja ko yake juyawa ba ya kamawa, a canza shi a ranar.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin lokacin guguwa ka tambayi wanda ya yi maka aikin waɗanne faifan raga ne aka tsara a cire in an yi shelar iska mai ƙarfi, ka yi musu alama da fenti a gindi. In ranar ta zo, a zare su, a shigo da kujeru da tukwanen fure cikin gida, a kulle tagogin ɗakin gilashin duka, sannan a rufe ƙofar tsakiya da sakata.